Akwatin Zuciya na Lamorde a Shekarar Fari

Jiya da muka tashi daga horo na ji ɗayanku yana cewa a bakin ƙofa wai wannan ba wani aiki ba ne, tunda akwatin zuciyar shi ke magana, kai dai ka manna faci a ƙirji ka danna maɓalli. Ban tanka ba, don ina naɗe tabarmi. Yau kafin kowa ya durƙusa gaban mutum-mutumin nan, ku zauna ku ji yadda na shiga sana'ar da abin da na tarar a cikinta. Waɗanda suka zo yau ba su san ni ba: sunana Rahila, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya a nan Yamai, yawancinsu a ɗakin gaggawa, kafin in koma koya wa mutanen unguwa abin da za su yi idan zuciyar mutum ta tsaya.

Mutum na farko da na danna wa ƙirji wani direban babbar mota ne. Ya shigo da ƙafarsa yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, ana cikin rubuta sunansa ya zame daga kan benci. Shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin, wanda muke kira Majo Garba, wani dogon Ba'adare ne marar yawan magana. Ya taɓa wuyan mutumin, ya juyo ya ce, “Rahila, hau.” Watana biyu ke nan da fara aiki. Na ɗora hannu a tsakiyar ƙirjin, na danna kamar mai tsoron fasa ƙwai. Majo ya ɗora tafinsa a kan nawa ya nutsa da shi, sai na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, kamar an taka busasshen karan dawa. Na ɗage hannu.

“Wa ya ce ki tsaya?”

“Majo, na karya masa haƙarƙari.”

“Haƙarƙari yana ɗoruwa. Ci gaba.”

Na'urar da muke da ita a lokacin tana kan keke mai ƙafa huɗu, sai mutum biyu ke tura ta. Tana da ƙarafa biyu masu mariƙi kamar dutsen guga, a shafa musu mai, a ɗora a ƙirji. Ba ta magana, ba ta ba da shawara. Kai za ka dubi layin da ke rawa a gilashi ka san ko wannan zuciya ce da wuta za ta gyara ko ba ita ba ce. Majo ya buga wa direban wuta sau biyu, ya dawo. Ya kwana goma sha ɗaya a wurinmu, kullum yana ƙorafin ciwon haƙarƙari, yana tambaya wace muguwa ce ta hau shi.

Shekara guda cur Majo bai bar ni na taɓa ƙarafan nan ba. Idan aiki ya yi sauƙi sai ya sa a kawo buhun yashi, in durƙusa ina dannawa yana duba agogo. Idan na lanƙwasa gwiwar hannu ya buge ta da biro. Saurin dannawa ma ba da lissafi ya koya mini ba. Ya tambaye ni ko na taɓa yin lugude a gida, wato dakan da mata biyu ke yi a turmi guda, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Na ce da shi na girma. Ya ce to saurin ke nan, kada ki wuce, kada ki gaza. Har yau da shi nake koyarwa, kuma matan da suka taso a ƙauye sun fi 'yan lakkol, wato 'yan makarantar boko, saurin kamawa.

Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, irin direban nan ba su da yawa. Shi ya faɗi a gabanmu ne. Sauran ana kawo su a bayan taksi ko a amalanke, an yayyafa musu ruwa, an shaƙa musu albasa, an jira mai gida ya dawo daga kasuwa, sannan aka nemi mota. Kafin su iso ba abin da ya rage sai rufe ido. Ƙwaƙwalwa ba ta jimre rashin jini sai 'yan mintoci. Duk ƙwarewar likita, idan ba wanda ya danna ƙirjin nan tun a tsakar gida, aikin ya riga ya ƙare.

Shi ya sa da wata ƙungiya ta ƙasar waje ta zo da maganar ajiye ƙananan na'urori masu buga wa zuciya wuta a cikin unguwa, na karɓi aikin ban yi shawara da kowa ba. Ina dab da ritaya, gidana kuma yana nan bayan Lamorde, inda lunguna suka yi yashi, motar 'yan kwana-kwana, wadda ke ɗaukar marasa lafiya a nan, sai ta tsaya a bakin gudron, wato kwalta, a ƙarasa da ƙafa. Suka ba mu akwati uku, irin wannan da ke gabanku, da alkawarin za su riƙa aiko da batir da faci duk lokacin da na hannunmu suka tsufa. Muka ajiye ɗaya a kantin magani, ɗaya a lakkol, ɗaya a gidan Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar hatsi a Babbar Kasuwa wanda unguwa ta zaɓa ya shugabanci ƙungiyarmu. Na horar da mutum goma sha biyu, ba wanda ake biya ko dala.

Cikinsu biyu ne za ku ji sunansu a labarin nan. Akwai Idi, mai kabu-kabu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya san kowane lungu kuma wayarsa ba ta mutuwa. Akwai Fati, Bazabarma mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, a ƙofar lakkol, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma hannunta ya fi na kowa daidai. Da Faransanci akwatin yake magana, rabin mutanena kuma ba sa ji. Sai na zauna na juya kowace jimla zuwa Hausa, Fati ta juya zuwa Zabarmanci, suka haddace ta da sautinta. Idan ya yi wannan dogon zancen, yana cewa kada kowa ya taɓa. Idan ya yi ƙara fitila ta kama, yana cewa danna.

Ku buɗe aljihun jakar ku gani. Almakashi na yanka riga ne, ba a tsayawa ɓalle maɓalli, ko shadda ce ta Sallah. Reza ta aske gashin ƙirji ce, don faci ba ya kama gashi. Tawul na share gumi ne, kuma a garin nan shi za ku fi amfani da shi. Faci guda biyu suna cikin leda a rufe, ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Da zarar an yage ledar sun tashi daga aiki, ko an buga wuta ko ba a buga ba, ba a mayar da su. Ko ba a buɗe ba ma, danƙon da ke jikinsu yana bushewa da shekaru. Batir kuwa zafi ne maƙiyinsa. Na kantin magani ya fara lalacewa ne saboda an rataye shi ƙarƙashin kwano, daga baya muka koya ajiye su a ƙasa, kusa da randa. Kowace safiya sai wani ya leƙa ya ga koren fitilar nan tana ƙyaftawa.

Kiran farko da muka samu wani tela ne da ya kife a kan kekensa. 'Yan'uwansa suka ce ai yana numfashi, suka zauna suna masa fifita. Ba numfashi ba ne, wannan jan iska ne da jiki ke yi bayan zuciya ta tsaya, kamar kifin da aka fitar daga kogi. Kafin su kira mu lokaci ya tafi. Muka manna faci, akwatin ya duba, ya ce ba a buga wuta. Ƙanensa ya kama ni da faɗa wai na'urar ta lalace. Ba ta lalace ba. Wutar nan ba ta ta da zuciyar da ta yi shiru gaba ɗaya, wadda ke karkarwa take daidaitawa. Cikin shekara biyu na farko an kira mu sau tara, mutum biyu suka tashi. Wanda ya shigo aikin nan yana zaton kowa zai tashi, ba zai kai damina ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Da kaka ta zo rumbuna ba komai, mutanen ƙauye suka fara shigowa gari, mata da yara suna kwana a filaye da kangwaye. Ana cikin haka, wata ranar Alhamis da rana muka ji harbi daga tsallaken kogi, kafin a kwanta rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki. Ban san siyasa ba, abin da na sani shi ne bayan 'yan makonni wasiƙa ta zo daga ƙungiyar da ke taimakonmu. Sun dakatar da duk wani aiki sai na abinci, har sai an koma mulkin farar hula. Batir ɗin da muke jira a watan nan ba zai zo ba, faci ma haka.

Na ɗauki takarduna na haye gada zuwa Plateau, unguwar ma'aikatun gwamnati. Na yi sati uku ina hawa bene ina sauka, don duk wanda na sani a ofisoshin an canza shi. A ƙarshe aka shigar da ni wurin wani kaftin, yaro ne a kaina, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama.

“Madam, mutum nawa akwatunan nan suka ceto?”

“Biyu.”

“Cikin wata nawa?”

“Cikin shekara biyu.”

Ya jawo wata takarda ya juyo mini da ita. Sunayen garuruwa ne da ke jiran hatsi, har da na kusa da ƙauyenmu. Ya ce, “Ki gaya mini wanne zan cire in sa batir.” Na tattara takarduna na miƙe. Ya raka ni har bakin ƙofa da ladabi.

Muna da ɗan abin da 'yan unguwa suka tara tun farko saboda irin wannan rana, zai sayi batir guda da faci idan an aika Kwatano. Alhaji Mamman ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ni na zo da shirin a aika, sai na tarar magana ta riga ta juya. A kangon da ke bayan lakkol akwai gida wajen ashirin na mutanen da fari ya koro, an binne yara biyu daga cikinsu a satin nan.

Alhaji ya ce, “Madam, ba raina aikinki muke yi ba. Amma wanda zuciyarsa za ta tsaya ba mu san shi ba, ba mu san ranarsa ba. Waɗannan kuwa ga su nan muna kallo.”

Na ce, “Alhaji, ranar da ta zo, ba a sayen batir a kanti.”

Fati ce ta raba gardamar. Ta ce, “Tanti, ni kullum yaran nan suna tsaye a kaina ina sayar da kopto. Hannunmu yana nan, kin koya mana. A sayi hatsi.”

Aka sayi hatsi. Alhaji ya ba da shi a kan kuɗin da ya saro, ya ƙara buhu biyu daga nasa. Ban ɗaga hannu na yarda ba, ban kuma ce a'a ba.

Daga nan sai dabara. Akwatin kantin magani ya mutu a farkon bazara, na gidan Alhaji ya bi shi. Na lakkol ne ya rage, shi ma fitilarsa ta fara nuna batir ya yi ƙasa. Faci kuwa leda guda ta rage mana a duk unguwar, kwanan da aka rubuta a jikinta ya wuce da wata biyar. Na ɗauke akwatin na kai ɗakina na ƙasa inda ya fi sanyi, muka yi da Idi cewa duk inda yake, idan aka kira, ya sauke fasinja ya zo ya ɗauke ni. Na hana kowa kunna shi don gwaji, saboda kowace kunnawa tana cin batir.

Wata Talata bayan azahar aka kira mu gidan wani dattijo, Baba Sule, tsohon ma'aikacin gidan waya. Da muka shiga, tsakar gida cike da mata, babbar 'yarsa Ramatu ta tare ni tana cewa yanzun nan ya faɗi, yanzun nan. Yana kwance a kan tabarma a rumfa. Jikinsa da ɗumi, amma a zafin Yamai gawa ba ta saurin sanyi, kada ku dogara da wannan. Na kama haɓarsa don in buɗe baki, muƙamuƙi ya ƙi motsi. Na ɗan juya shi, bayansa ya yi duhu inda jini ya kwanta. Mutumin nan ya kwanta hutun rana ne ya tafi cikin barci, ya yi awa biyu ko fiye. “Yanzun nan” da suke faɗa, lokacin da suka gan shi ne.

Na ce, “Sai haƙuri. Baba ya riga ya cika.”

Ramatu ta dubi akwatin da ke hannun Idi. “To ki sa masa mana. Ba don haka kika zo da shi ba?”

“Ba zai yi komai ba.”

“Ki gwada! Me zai rage ki da shi?”

Da a shekarar da ta wuce ne, da na yage ledar na manna, akwatin ya faɗa da bakinsa cewa ba a buga wuta, su ji hankalinsu ya kwanta. Mun sha yin haka. Amma wannan ledar ita ce ta ƙarshe. Na ce mata ledar faci guda ta rage, idan na buɗe a kan wanda ya riga ya tafi, gobe ba abin da zan sa wa mai sauran rai. Ta durƙusa ta kama ƙafata. Na rufe wa Baba Sule ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwali, na ce wa Idi mu tafi.

Ba a kwana uku ba magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce na ɓoye akwatin ne don manyan mutane. Wasu suka ce da ɗan cocinmu ne da na sa masa. Na je gaisuwar mutuwa, matan gidan suka amsa mini a daƙile, Ramatu ta tashi ta shige ɗaki. Mutum uku daga cikin waɗanda na horar suka daina zuwa. Alhaji Mamman ya yi magana a masallaci bayan sallar Juma'a, abin ya ɗan lafa, amma bai mutu ba.

Bayan kamar sati shida, ana rabon hatsi a filin lakkol da hantsi. Wata malama ce ke awo, Malama Aishatu, mutuniyar Damagaram, shekarunta ba su wuce arba'in da biyar ba. Tun safe take tsaye a rana tana cika tiya tana juyewa a ƙwarya. Waɗanda ke kusa sun ce ta dafa buhu, ta ce a ba ta ruwa, sai ta sulale. A shekarar nan mutane suna yawan suma a layi saboda yunwa, don haka aka fara yayyafa mata ruwa kamar kullum. Fati ce ta bar tirenta ta kutsa. Ta kira sunanta, ta jijjiga ta, ta dubi ƙirji, ta ga irin jan iskar nan. Ba ta jira kowa ba, ta durƙusa ta fara dannawa, ta ce da wata ta kira Idi, wata kuma ta kira 'yan kwana-kwana.

Lokacin da Idi ya sauke ni, Fati ta jiƙe sharkaf, tana ƙirgawa da Zabarmanci. Mutane sun yi da'ira, maza da mata. Dole a buɗe ƙirjin malamar, mijinta kuma yana wurin aiki a tsallake. Na ɗaga murya na ce maza su juya baya, mata su ba ni zane. Matan nan na ƙauye da suka zo karɓar hatsi suka kwance mayafansu suka riƙe gefe da gefe, suka zagaye mu. Na yanka rigar da almakashi, na share gumi da tawul, na yage ledar.

Facin sun bushe ta gefe. Na hagu ya kama, na dama yana ɗagowa. Akwatin ya ce a duba faci. Na sake share wurin, na murza shi da tafin hannu da dukan ƙarfina, tun daga tsakiya har baki. Sai akwatin ya fara dogon zancen nan. Fati ta ɗage hannu tun ban ce mata ba. Ya yi ƙara, fitila ta kama. Na duba ba wanda ke taɓa ta, na danna. Jikinta ya zabura.

“Koma,” na ce wa Fati.

“Tanti, hannuna ya mutu.”

Na karɓa. Ina da shekara kusan sittin a lokacin, gwiwoyina a kan tsakuwa. Minti biyu ana dannawa kafin akwatin ya sake dubawa, kuma wanda bai taɓa yi ba bai san tsawon minti biyu ba. Tsakanin nan ya faɗi wata jimla da ban koya wa kowa ba, cewa batir ya kusa ƙarewa. Ya sake dubawa, ya ce a buga. Ƙarar cajin ta yi tsawo fiye da yadda na saba ji, har na zaci ba za ta kai ba. Ta kai. Na danna, na koma kan ƙirji. Ban yi dannawa talatin-talatin sau uku ba na ji tana ture hannuna da wani irin nishi. Na taɓa wuyanta, ga jijiya tana bugawa, ba ƙarfi amma a jere. Muka juya ta gefe. Da na waiga wurin akwatin, gilashinsa ya yi baƙi.

'Yan kwana-kwana suka iso da gadon ɗauka, suka kai ta likita. Ta yi kwana biyu ba ta san inda take ba, ta yi sati uku a kwance, haƙarƙari biyu a karye. Bayan wata huɗu ta koma aji. Ranar nan kuwa, da motar ta tafi, matan suka ɗaura mayafansu suka koma layi, wani malami ya ɗauki tiya ya ci gaba da awo, don ba a gama rabo ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. Mun yi wata biyar ba akwati ko ɗaya a unguwar. Cikin watannin nan an kira mu sau biyu, wani mai gadi da wata mai jego. Muka yi da hannu har motar ta zo, duka biyun ba su tashi ba. Mai jegon, a ganina, irin wadda wuta ke gyarawa ce. Ko da mun sayi batir maimakon hatsi da ta rayu, ban sani ba. Yaran kangon bayan lakkol kuma da ba a ƙara binne ko ɗaya ba bayan rabon, ko hatsinmu ne ya riƙe su, shi ma ban sani ba.

Malaman lakkol ne suka fara tara wani abu duk ƙarshen wata, sai 'yan kasuwar da ke tare da Alhaji suka shigo, aka ajiye kwano a masallaci da coci sau ɗaya a shekara. Wani ɗan unguwa da ke tuƙin mota zuwa Kwatano ya zo mana da batir da faci leda huɗu. Da aka koma farar hula ƙungiyar wajen ta dawo, muka karɓi abin da suka kawo muka yi godiya, amma ba mu daina tara namu ba. Tun daga lokacin doka ce a wurinmu, ba a barin faci ya gaza leda uku a jaka.

Ramatu kuwa ta yi fiye da shekara ba ta gaishe ni ba. Idan muka haɗu a famfo sai ta juya kai. Wata rana ina shanya a tsakar gida sai ga sallamarta. Na ba ta tabarma ta ƙi zama.

Ta ce, “Tanti, tambaya guda na zo yi. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da kin sa wa Baba abin nan, da ya tashi?”

Na ce, “Da bai tashi ba. Haɓarsa ta riga ta ƙage kafin in shigo.”

“Kin tabbata?”

“Na tabbata. Amma da ina da leda biyu, da na sa masa, don ki ji da kunnenki.”

Ta juya ta dubi igiyar shanya. Can ta ce, “Ni na kai masa fura da azahar, na ga yana barci, na ajiye na fita. Kullum ina cewa da na tashe shi.”

Na tambaye ta ko a lokacin ta ga ƙirjinsa yana motsi. Ta ce ba ta duba ba, wa ke duba ƙirjin mai barci? Na ce mata ba wanda ke dubawa, ni ma da ubana ne da ajiye furar zan yi in fita.

Sai a lokacin ta zauna. Na kawo mata ruwa ta sha, ta taya ni matse sauran kayan, muka shanya tare.